Ypres, garin da ya yi arziki da ulun wasu: darasin da ya fi ƙarfin layi guda a allo

Shekaru da dama ina koyar da darasin biranen Turai na tsakiyar zamani kamar yadda aka koya mini shi: layi uku a allo, yara su kwafe, su haddace, su maido mini ranar jarrabawa. Ɗaya daga cikin layukan yana cewa a ƙarni na 13 biranen yankin Filanda, wato Gand da Bruges da Ypres, sun yi suna wajen saƙa. Ban taɓa ganin aibin wannan layi ba sai ranar da wata yarinya, wadda gidansu ke kusa da marina, ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, su a ina suke noman audugar?" Na ce mata ba auduga ba ce, ulu ne, gashin tumaki. Ta ce, "To ke nan makiyaya ne?" Nan na tsaya cik. Amsar gaskiya ita ce a'a, ni kuwa ban san yadda zan bayyana mata garin masaƙa wanda ba shi da isassun tumaki ba. Na ce mata za mu dawo kan maganar mako mai zuwa.

Na koma gida na shiga karatu, abin da na samo kuwa ya sauya mini darasin gaba ɗaya. Ra'ayina a yau, wanda nake kawowa gaban ƴan uwana malamai da iyayen yara, shi ne gara mu ɗauki gari guda mu bi shi tun daga ƙasarsa da ruwansa har zuwa lokacin da kasuwarsa ta mutu, da mu jera wa yara sunayen birane ashirin ba su san dalilin ko ɗaya ba. Garin da na zaɓa shi ne ƙaramin cikin ukun nan. Faransawa suna rubuta sunansa Ypres, masu garin kuma suna ce masa Ieper da harshensu. Yana yammacin Beljiyam ta yau, kusa da iyakar Faransa, mutanensa kimanin 35,000. Ga labarinsa, sai mai karatu ya yi hukunci da kansa.

A fara da ƙasa da ruwa

Filanda ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya a bakin Tekun Arewa, tana fuskantar Ingila. Ba su da damina da rani irin namu, ruwan sama yana iya sauka a kowane wata. Ƙasar da ta kewaye Ypres yumɓu ce mai riƙe ruwa, sai ƴan tuddai a kudu da gabas waɗanda mafi tsawonsu bai kai mita 160 ba. Daga tuddan nan ƙoramu ke gangarowa su haɗu su zama wani ɗan kogi mai suna Ieperlee. Shi ne ya ratsa garin, ya yi arewa ya faɗa kogin Yser, wanda ke shiga teku a Nieuport. Tsakanin garin da teku bai kai kilomita 40 ba.

Ɗan kogin ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma mutanen garin sun yashe shi, sun gyara gaɓarsa, sun mai da shi hanyar ƙananan jiragen kaya, har da wuraren da ake jan jirgi da igiya a haurar da shi daga wani matakin ruwa zuwa na sama. A ƙasar da laka ke riƙe ƙafar doki da ta amalanke watanni da yawa a shekara, ruwa shi ne titi. Da gari ya girma, ga sha ga wankin ulu ga rini, sai suka datse ƙoramu suka yi manyan tafkuna biyu a bayan gari, na Zillebeke da na Dikkebus, waɗanda har yau suna nan.

Tumaki fa? Da farko akwai su a fadamun gishiri na bakin teku, kuma da ulunsu aka soma. Amma jama'a ta ƙaru, aka riƙa tare teku ana mai da fadamun gonaki, sana'ar kuma ta yi girman da garken gida ba zai ciyar da ita ba. Ga shi ulun da ya fi laushi a wancan zamani yana tsallaken ruwa, a Ingila, inda manyan masu ƙasa da gidajen ƴan zuhudun Kirista ke kiwon tumaki dubbai. Abin da Filanda ke da shi a wadace mutane ne: ƙauyuka cike, gona ba ta isar kowa, hannaye suna neman aiki. Amsar tambayar ɗalibata ke nan. Ingila na da tumaki, Filanda na da hannu da hanyar ruwa, tsakaninsu kuma ɗan siririn teku ne.

Yadda ulu ke zama dukiya

Yadin Ypres ba aikin mutum guda ba ne. Attajiri ke sayo ulu, ya raba aiki, ya karɓi yadi a ƙarshe ya sayar. Ana tsince ulun, a wanke, a taje, mata su kaɗa shi ya zama zare. Maza biyu ke zama gefe da gefe a kan masaƙa guda mai faɗi suna miƙa wa juna ƙoshiya, shi ya sa yadin ke fitowa da faɗinsa, ba kamar sawayen masaƙanmu da sai an ɗinka an haɗa ba. Daga nan sai a zuba shi a komi da ruwa da wata irin ƙasa mai tsotse maiƙo, maza su yi ta tattaka shi da ƙafa kwana da kwanaki har ya tsuke, ya yi kauri, zaren ya shige cikin juna. Sai a shanya shi a miƙe a kan katako mai ƙugiyoyi, a tayar da gashinsa da kan wani tsiro mai ƙaya, a sausaye da manyan almakashi, a maimaita har ya yi sumul. Wanda ya taɓa shafa mulufin alkyabba ko na kayan doki ya san irin yadin da nake nufi.

Rini ma da nasa labarin ƙasa. Shuɗi yana fitowa daga ganyen wani tsiro da ake nomawa da yawa a Picardie, arewacin Faransa, kuma sinadarin launinsa ɗaya ne da na baban rinin da muka sani. Ja daga saiwar wani tsiro ne, ja mafi tsada kuma daga wasu ƙananan ƙwari da ake busarwa a ƙasashen Bahar Rum. Alif, wanda ke sa launi ya kama zare, fataken Jenowa ta Italiya ke kawo shi daga ƙasar da ake kira Turkiyya a yau. Ke nan ko launin yadin ma ba duka na gida ba ne.

To me garin ya saka nasa na kansa? Gwaninta da amana. Hukumar gari tana da masu duba yadi, kuma akwai doka a kan tsawonsa da faɗinsa da irin ulun da za a sa. Yadin da ya ci jarrabawa ana maƙala masa hatimin darma mai alamar gari. Falke a wata ƙasa mai nisa, wanda bai taɓa ganin Ypres ba, yana iya biyan kuɗi a kan wannan ƴar darma ba sai ya warware turmin ya auna ba. Garin suna yake sayarwa tare da yadi.

Kasuwa kuwa ta yi nisa ƙwarai. Tun a 1127 wani marubuci na Bruges ya ambaci fataken Italiya a kasuwar shekara ta Ypres. A ƙarni na 13 babbar mahaɗa ita ce kasuwannin Champagne a Faransa, guda shida a shekara, suna zagayawa tsakanin garuruwa huɗu: Troyes, Provins, Lagny da Bar-sur-Aube. Can ƴan Filanda ke haɗuwa da ƴan Italiya, su kuma su wuce da yadin Jenowa, daga nan jiragensu su kai shi gabashin Bahar Rum. Ta arewa kuma sunan yadin Ypres ya fito har a tsofaffin takardun fataken Novgorod ta Rasha.

Shaidar wannan arziki tana tsaye a tsakiyar gari: babban zauren yadi da aka gina a ƙarni na 13, aka kammala a 1304. Tsawon fuskarsa kimanin mita 125, hasumiyar ƙararrawarsa kimanin mita 70. Nan ake duba yadi, a ajiye, a yi ciniki, kuma jiragen kaya suna iya zuwa har gefensa. Ya kamata yara su lura da abu guda: wannan ƙaton gini ba fadar sarki ba ce, ba kuma majami'a ba, rumfar kasuwa ce. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne garin ya kai mutum 40,000 a ganiyarsa, adadi babba a Turai ta lokacin.

Masu shuɗin farce

Littattafan makaranta sukan tsaya a nan, a kan hoton zauren. Amma waɗanda suka yi aikin ba a inuwarsa suke kwana ba. Yawancin masaƙa da masu tattaka da marina suna zaune ne a unguwannin bayan ganuwa. Ƴan gidajen attajirai kaɗan ke riƙe da majalisar gari, su ke yanka lada, su ke yin dokar aiki, su ke hukunta wanda ya karya ta. A garuruwan saƙa na yankin har ƙararrawa ake kaɗawa ta shiga aiki da ta tashi. Manyan gari suna yi wa ma'aikatan laƙabin raini, masu shuɗin farce, saboda rinin da ba ya fita daga hannunsu.

A 1280 ma'aikatan Ypres suka yi bore, wanda tarihi ya riƙe da sunan Cockerulle. A ranar 11 ga Yuli 1302, kusa da Courtrai, rundunar ƴan ƙasa ta Filanda, yawancinta masu sana'a da manoma a ƙafa, ta karya mahayan sarkin Faransa. Bayan wannan nasara ƙungiyoyin masu sana'a suka sami kujeru a mulkin birane. Amma samun kujera bai kawo zaman lafiya ba. Masaƙa da masu tattaka suka koma faɗa da juna a kan lada, har aka zubar da jini mai yawa a Gand a 1345. Wannan ma darasi ne da ɗan shekara goma sha uku zai iya ganewa: idan riba ta soma raguwa, waɗanda ke ƙasa su ke fara cin naman juna.

Tsakanin sarakuna biyu

Ga inda labarin ƙasa ya zama tarko. Mai mulkin Filanda bara ne na sarkin Faransa, gare shi yake mubaya'a. Abincin talakawansa kuwa yana hannun sarkin Ingila, mai ulu. Duk ranar da sarakunan biyu suka saɓa, Filanda ce ke tsakiya. An ɗanɗana haka a 1270, lokacin da rigimar kuɗi ta sa Ingila ta hana fitar da ulu zuwa Filanda na ƴan shekaru. An sake sha a 1336, gab da yaƙin da aka sani da Yaƙin Shekara Ɗari, da Sarki Edward na Uku ya rufe ƙofar ulu don ya matsa wa mai mulkin Filanda da ya tsaya bayan Faransa. Masaƙu suka tsaya cik, ma'aikata suka bazu suna bara. Biranen suka bi wani attajirin Gand, Jacob van Artevelde, wanda ya sasanta da Ingila a 1338, ulu ya dawo. Shi ma a 1345 mutanen garinsa suka kashe shi.

Ba na jin akwai yaro a Maraɗi ko Ƙonni da zai kasa fahimtar wannan babi, domin iyayensa sun ga abin da ya faru da kasuwa lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Hukunci ne da aka yanke a wata fada mai nisa, tukunyar da ta daina tafasa kuma tana cikin gidan wanda ba a shawarta ba.

Faɗuwar Ypres ba ta zo rana ɗaya ba, kuma ba dalili ɗaya gare ta ba. Sarakunan Ingila sun ɗora haraji mai nauyi a kan ulun da ke fita don su biya kuɗin yaƙi, sai ulu ya yi wa masaƙin Filanda tsada, ya yi wa masaƙin Ingila araha. Ingila ta soma saƙa ulunta da kanta, har tana gayyatar gwanayen Filanda su ƙaura can. Hanyar fatauci ma ta sauya: daga 1277 jiragen Jenowa suka fara zuwa Bruges kai tsaye ta teku, kasuwannin Champagne suka yi ta ja da baya, garin da ke da tashar jirage ya ci riba, na cikin ƙasa ya rage daraja. Biranen Brabant da ke gabas suka shigo gasa. Sannan ƙananan garuruwa da ƙauyukan da ke kewaye suka koyi sana'ar, suna yin yadi mai sauƙin kuɗi, wani lokaci suna kwaikwayon na Ypres.

Me manyan Ypres suka yi? Sun nemi doka ta hana maƙwabta saƙa irin tasu, da doka ta gaza sai suka ɗauki makami. A ƙarni na 14 sun kai wa Poperinge hari, wani ɗan gari da ke yamma da su, a kan maganar yadi. Sun ci yaƙin, amma hakan bai dawo da masu saye ba. Suka manne wa yadi mai tsada da tsofaffin dokokinsa, alhali kasuwa tana faɗaɗa ta wajen mai araha.

Bugu mafi muni ya zo a 1383. Rundunar Ingila ƙarƙashin wani bishop na Norwich, Henry Despenser, tare da mutanen Gand, ta yi wa garin ƙawanya kimanin wata biyu. Ganuwa ta riƙe, gari bai faɗi ba. Amma unguwannin bayan ganuwa, inda ma'aikata ke zaune, sun zama toka, kuma masu mulki ba su yarda an sake gina su ba, don sun gaji da boren mazaunansu. Gwanaye da yawa suka watse zuwa wasu wurare da sana'arsu a hannu. Kafin ƙarshen ƙarni na 15 mutanen Ypres ba su kai 10,000 ba. A shekarun 1990 masu tonon kayan tarihi sun tono ɗaya daga cikin unguwannin a wata makiyaya kudu da gari, suka sami ragowar gidaje da wuraren aiki a ƙarƙashin ciyawa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ypres ta ɗaura nata kusan shekara ɗari biyu, ta yi ado da shi sosai, har ranar da masu shi suka miƙo hannu.

Taswirar ba ta gama da garin ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, Ypres ta tsinci kanta a kan hanyar zuwa tashoshin jiragen ruwa na Calais da Dunkerque. Sojojin Jamus suka hau ƴan tuddan nan na kudu da gabas suna luguden wuta, yumɓun nan mai riƙe ruwa ya zama taɓon da ke haɗiye mutum da doki. A ranar 22 ga Afrilu 1915 aka saki iskar guba mai yawa a karon farko a arewacin garin, kuma cikin waɗanda ta fara faɗa wa har da sojojin da Faransa ta kwaso daga Aljeriya. Wata gubar da aka fara amfani da ita a wurin a 1917 har yau sunan garin take ɗauke da shi a Faransanci, ypérite. Garin ya rushe ƙurmus, har da zauren yadi. Wanda ake gani yanzu sabon gini ne da aka tayar bisa kamannin tsohon, ba a gama shi ba sai 1967, kuma gidan tarihin yaƙi ne ke cikinsa.

Abin da za a ce mini

Na san maganar da ke bakin wasu abokan aikina, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce yaranmu ba su san tarihin Damagaram da Gobir da Adar ba, me ya kai mu wani ƙauyen Beljiyam? Na yarda namu ne ya kamata ya zo farko kuma ya fi samun lokaci. Amma darasin Turai yana cikin abin da muke koyarwa ko muna so ko ba ma so, saboda haka zaɓin da ke gabanmu shi ne mu yi shi da rai ko mu yi shi a mace. Kuma ni a ganina yaro ba ya gane nasa da kyau sai ya ajiye shi kusa da na wani.

Ga misali. A 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya bi ta Tasawa da Katsina ya isa Kano, ya rubuta cewa yadin da ake saƙawa ana rinawa a can yana kaiwa Tumbutu da Ghat da Murzuk har Tarabulus. Turkuɗin Kura shi ne adon Abzinawa. Bambancin da Ypres a fili yake: ƙasar Hausa ita ke noman audugarta da babanta, ba ta jiran jirgin kowa. Amma ita ma saƙarta ta durƙushe, bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatauci ya juya daga hamada zuwa teku, yadin masana'anta ya cika kasuwa. Sai a tambayi aji: wancan ba shi da kayan aiki na kansa ya faɗi, wannan yana da su shi ma ya faɗi, to me ke riƙe sana'a? Yaron da ya yi minti goma yana kokawa da wannan tambaya ya koyi tarihin gida fiye da wanda ya haddace jerin sarakuna.

Magana ta biyu ita ce lokaci. Aji cike maƙil, taswira babu, manhaja doguwa, jarrabawa kuma abin da aka haddace take tambaya. Duk gaskiya ne, ni ma a cikin wannan hali nake aiki. Amma abin da nake kira gare shi bai wuce zama biyu ba, kuma alli kawai yake buƙata. Na zana bakin teku, na sa ɗigo na rubuta Ypres. Na ja kibiya daga Ingila na rubuta ulu, wata daga Picardie na rubuta shuɗi, wata daga gabas na rubuta alif. Na ja biyu masu fita, ɗaya zuwa Champagne da Jenowa, ɗaya zuwa Novgorod. Sannan na ɗauki tsumma na goge kibiyar ulu, na ce, "Sarkin Ingila ya rufe. Wa zai fara kwana da yunwa?" Wasu suka ce attajiri, wasu suka ce masaƙi. Wani yaro daga baya ya ce mai kaɗi ce, don ita ce farkon layi kuma ba ta da ajiya. Ban koya masa wannan ba, daga gida ya zo da shi. Shekarun kuma, 1302 da 1336 da 1383, sun zauna musu a ka ba tare da bulala ba, saboda kowace tana da labarin da take rataye a kai.

Wannan ya sa nake ganin kuskure ne mu riƙa ɗaukar labarin ƙasa da tarihi kamar kishiyoyi, kowace da ranar girkinta. Sau da yawa malami ɗaya ne ke koyar da su, amma ranar labarin ƙasa sai koguna da tuddai ba mutane, ranar tarihi sai sarakuna da yaƙe-yaƙe a kan iska. Wanda bai san yumɓu da ɗan kogin Ieperlee da siririn tekun nan ba, ba zai gane dalilin tashin Ypres ba, ba zai gane dalilin faɗuwarta ba, ba zai gane abin da ya kawo mata yaƙin 1914 ba.

Ga iyaye kuma ina da roƙo ƙarami. Ba sai kun san Turai ba kafin ku taimaka. Idan akwai marina ko masaƙi ko majemi a unguwarku, ku je da yaro ya gaishe su, ya yi tambaya uku: daga ina kayan aikin ke zuwa, wa ke saye, kuma me ya sauya tun zamanin mahaifinku? Zai ji cewa zaren na kanti ne, garin rinin na gwangwani ne daga wata ƙasa, masu saye kuma sun koma atamfa da gwanjo. Ku kuma kula da yadda muke magana a kan masu sana'ar hannu a gaban yara. Attajiran Ypres sun raina masu shuɗin farce, sun bar unguwanninsu a toka, suka wayi gari da zaure mai mita 125 ba yadin da zai cika shi. Idan yaro ya tashi yana jin cewa karatu hanyar gudu ce daga sana'ar ubansa, ba za mu sami wanda zai zo da ilimi ya gyara ta ba.

Mako ya zagayo na cika wa ɗalibata alkawari. Ta saurari bayanin har ƙarshe, ta dubi allo, ta ce, "To me ya hana su sayo tumakin gaba ɗaya su huta?" Na mai da tambayar ga aji. Wani ya ce ina za su kiwata su, gonakin abinci za su ba su? Wata ta ce ai mai tumaki ba wawa ba ne da zai sayar da uwar kuɗinsa. Aka kaɗa ƙararrawa suna ta gardama, suka fita da ita har bakin ƙofar makaranta. Ina roƙon duk malamin da darasin nan zai zo masa a bana ya gwada shi haka sau ɗaya, da wannan gari ko da wani da ya fi sani, sannan ya rubuto mana abin da yaransa suka tambaye shi.